Idan za a saka maka ragar karkatar da jini a ƙwaƙwalwa, ga yadda za ka shirya

Toh, likita ya ce jijiyar jini ta yi ƙullutu a ƙwaƙwalwarka kamar balan-balan, kuma babba ne, wato ya kai milimita 10 ko fiye (in ya kai 25 kuwa ƙato ake ce masa), ya ce raga za a sa. Ba fasa kai ake yi ba. Ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu ake zura siririn bututu har ƙwaƙwalwa kana cikin barcin allura, sai a shimfiɗa wata 'yar raga ta siraran wayoyi a cikin jijiyar daidai bakin ƙullutun, jini ya riƙa wucewa gaba abinsa, wanda ya rage a cikin ƙullutun ya daskare a hankali. Wadda aka fi sani ita ce Pipeline, tun 2011 Amurka ta amince da ita, akwai kuma Surpass da FRED.

Shiri na farko magani ne. Kwanaki kafin aikin za a ɗora ka kan asfirin da kulofidogirel, magungunan hana jini daskarewa, saboda ƙarfe ne za a bari a cikin jijiya, jini kuma yana son daskarewa a kansa. Wasu jikinsu ba ya jin kulofidogirel sosai, shi ya sa ake gwada jini a gani. Faɗa wa likita duk abin da kake sha, har na gargajiya, da ko kana da olsa ko ciwon ƙoda, domin ruwan da ake ɗura wa jijiya don ɗaukar hoto yana wahalar da ƙoda. Mace mai ciki ta faɗa tun da wuri. Sigari kuma a ajiye ta.

Bayan aiki kada ka ɗaga kaya masu nauyi na 'yan kwanaki, ka riƙa duba inda aka huda ko ya kumbura ko yana jini.

Inda mutane ke kuskure shi ne nan: mutum ya ji garau sai ya watsar da magani, ko mai cire haƙori ya ce masa ya dakata. Dan Allah kar ka tsallake ko kwana ɗaya sai wanda ya yi maka aikin ya ce, ragar na iya toshewa ta jawo shanyewar ɓarin jiki. Watanni ake yi ana shan su biyun, asfirin kuma ya fi daɗewa.

Kuma ƙullutun ba ranar yake rufewa ba, yakan ɗauki watanni, don haka hoton jijiya da ake sa ka dawo yi wajen wata 6 kar ka yi wasa da shi. Ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu ya mutu ko ido ya dushe, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.