Idan za a sake maka aikin ƙugu karo na biyu, ga yadda zaka taimaki ƙarfen ya zauna daram

Mutumin da aka taɓa sa wa ƙarfe a ƙugu, wato aka sauya masa gaɓar ƙugun da sandar ƙarfe a cikin ƙashin cinya mai ƙwallo a kanta da kuma kofi mai roba a ciki inda ƙwallon ke juyawa, ya samu sauƙi yana tafiyarsa shekara da shekaru, rana ɗaya likita ya ɗaga hoton ƙashi ya ce masa ƙarfen nan ya saki sai an sake shiga tiyata, wallahi dole gabansa ya faɗi. To abu na farko da nake so ya zauna maka a rai shine aiki na biyu ba maimaicin na farko bane. A na farko likita ya samu ƙashinka cikakke da tsoka lafiyayya, a na biyu kuwa sai ya fara ciro tsohon ƙarfen tukuna, in da siminti ya kankare shi, wani lokacin ma sai ya tsaga ƙashin cinya ta gefe kamar murfi kafin sandar ƙarfen ta fito sannan ya mayar ya ɗaure da waya, kuma duk wannan a cikin naman da ya riga yayi tabo. Shi yasa aikin yafi daɗewa, jini yafi zuba, gocewa da shigar ƙwayoyin cuta ma sun fi yawa a kan na farko.

Kada kuma ka ɗauka laifinka ne ko lallai an yi maka aikin banza da farko. Tun da John Charnley ya daidaita wannan aikin a asibitin Wrightington na Ingila a 1962 aka san cewa ƙarfe da roba suna da iyakar shekarunsu. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 89 cikin 100 na ƙugun da aka sauya suna kaiwa shekara 15, kusan 70 suna kaiwa shekara 20, kusan 58 kuma suna kaiwa 25. Kaga kenan wanda aka yi wa aikin yana matashi, kamar masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa da wuri, da wuya ya ƙare rayuwarsa da ƙarfe ɗaya.

Ka fara da tambayar likitanka abu ɗaya, me ya lalata na farkon? Ni a ganina duk nasarar aikin a nan take ratayawa, domin dalilan daban daban ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda robar da ke cikin kofin ce ta cinye, ƙananan ɓurɓushinta suka tunzura jiki ya riƙa narkar da ƙashin da ke kewaye har ƙarfen ya saki. Akwai wanda ƙwallon ne yake ta fita daga gurbinsa, akwai wanda faɗuwa yayi ƙashi ya karye a jikin sandar, akwai masu ƙarfe-kan-ƙarfe, wato ƙwallo da kofi duk na ƙarfe, da ɓurɓushin ƙarafan kobalt da kuromiyam suka ɓata musu nama. Sai kuma babban cikinsu, ƙwayoyin cuta. Wannan yana iya ɓoyewa shekaru babu zazzaɓi babu mugunya, ciwo kawai da sakin ƙarfe, don haka kar ka yarda a wuce ba a auna jininka na CRP da ESR ba, gwaje-gwajen da ke nuna alamar kumburi a jiki, in sun hau ko ana shakka a sa allura a zuƙo ruwan gaɓar a kai dakin gwaji. Kuma don Allah kar ka sha antibayotik da kanka kafin gwajin, yana rufe ƙwayar a kasa ganinta, likitoci ma sukan dakatar da shi kamar sati 2 kafin su zuƙo ruwan. Idan aka ɗora sabon ƙarfe a kan cutar da ba a gano ba, an yi aikin baban giwa, zai sake saki.

In an tabbatar cutar ce kuma ta daɗe, yawanci kashi biyu ake raba aikin. A cire komai a wanke, a sa wani na wucin gadi da aka yi da siminti mai haɗe da antibayotik, ka sha magani ko a riƙa yi maka ta jijiya wajen sati 6, in jini ya nuna ta mutu sai a koma a sa na dindindin. Wasu cibiyoyin kamar Endo-Klinik da ke Hambug a Jamus sun yi suna wajen gama komai a shiga ɗaya idan an san ƙwayar da maganinta. Tsakanin aikin biyu ɗin nan lokaci ne mai cin rai gaskiya, mutum yana ganin kamar an tsayar masa da rayuwa, amma gaggawa a nan ita ke mayar da hannun agogo baya.

Kafin ranar tiyata akwai naka aikin. Taba a ajiye ta aƙalla sati 4 zuwa 6 kafin aikin kuma kar a koma, nikotin yana matse jijiyoyin jini ya hana ƙashi da rauni warkewa. Mai ciwon suga ya daidaita sugansa, mai ƙarancin jini a gyara masa, haƙorin da ya ruɓe ko wani gyambo a jiki a magance su tukuna. Idan zaka iya samo takardun aikin farko masu ɗauke da sunan ƙarfen da lambarsa ka kai wa likita, yana taimaka masa sosai wajen tanadin kayan cirewa, wani lokacin ma ya gane cewa robar da ƙwallon kawai zai canza ya bar sauran.

Yanzu maganar zaman ƙarfen, wadda mutane da yawa ke haɗe ta wuri ɗaya alhali abu biyu ne. Na ɗaya ƙarfen ya kama ƙashi kar ya motsa. Na biyu ƙwallon ya tsaya cikin kofinsa kar ya goce.

Na farkon ya danganta da yawan ƙashin da ya rage maka. Likitoci nada ma'aunin da suke kira da sunan Paprosky wanda suke kasa ramin da ƙashi yayi daga ƙarami zuwa babba, ka tambaya kai a wane mataki kake, amsar ce zata gaya maka irin haƙurin da zakayi nan gaba. A ɓangaren cinya yawanci doguwar sandar titaniyam ake sa wa mai tsini da tsagi-tsagi a jiki, wadda ke wuce wurin da ya lalace ta je ta cafki lafiyayyen ƙashi can ƙasa, tunanin da likitan Jamus Heinz Wagner ya kawo tun shekarun 1980. A ɓangaren kofi kuma ana sa babba mai ƙofofi kamar soso, na titaniyam ko tantalam, a ɗaure da sukurori, in ramin yayi yawa a cike da gutsuren ƙarfe ko dashen ƙashi. To ga inda nake so ka natsu. Ranar da aka fito da kai daga tiyata ƙarfen nan matsewa kawai yayi da sukurori, bai zama naka ba tukuna, sai ƙashinka ya tsiro ya shiga waɗannan ƙananan ƙofofin ya riƙe shi, kuma hakan na ɗaukar sati 6 zuwa 12 kafin ya fara ƙwari. Ƙashi kuma baya tsirowa kan abin da ke girgiza, motsin da bai kai kaurin takarda biyu ba, wajen maikiron 150, ya isa ya sa jiki ya shimfiɗa nama mai laushi a wurin maimakon ƙashi, kuma ƙarfen da ke zaune kan nama mai laushi ƙarshensa saki ne. Saboda haka idan likita yace kar ka ɗora nauyinka duka, ko yace yatsu kawai zaka taɓa ƙasa da su na sati 6, ba don ciwo ya faɗa ba. Da yawa a sati na uku ciwon ya tafi sai mutum ya jingine sandunan dogarawa yace ai na warke, abin yana min ciwo sosai domin a daidai lokacin ne ƙashin ke ƙoƙarin kamawa. Wasu kuma ana basu izinin taka ƙafa gaba ɗaya tun washegari saboda ƙashinsu da irin ƙarfensu sun yarda da hakan, don haka kar ka kwaikwayi na gadon kusa da kai, kafin a sallame ka ka sa a rubuta maka nauyin da zaka ɗora da tsawon lokacin.

Sandar takan ɗan nutse milimita kaɗan a watannin farko sannan ta tsaya, wannan ba abin tashin hankali bane. Wadda ke ci gaba da nutsewa hoto bayan hoto, ko ta haura santimita 1, ita ce ake sa wa ido.

Gocewa kuwa tafi faruwa a wata 3 na farko, kuma tafi addabar wanda aka sake wa aiki saboda tsokar gefen ƙugu da ke riƙe gaɓar ta sha yanka. Ka tambaya ko za a sa maka babban ƙwallo, ko irin kofin nan mai motsi biyu da Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970, ƙaramin ƙwallo cikin babban ƙwallon roba, ya rage gocewa ƙwarai a irin wannan aikin. Kai kuma naka, musamman in ta baya aka shiga, kar gwiwarka ta ɗaga sama da ƙugunka in kana zaune, wato banda kujera mai zurfi banda tsuguno banda sunkuyawa ɗaukar abu a ƙasa, a ɗaga maka mazaunin bayi, kar ka harɗe ƙafa, kar ka murɗa ƙafar ciki kana juyawa, in zaka kwanta ta gefe ka sa matashi tsakanin cinyoyi. A kwashe wayoyi da duk abin tuntuɓe daga hanya, a bar fitila da dare, faɗuwa ɗaya na iya karya ƙashin da aka sha wahalar gyarawa. Motsa jikin da likitan fisiyo ya baka na ƙarfafa tsokar gefe kayi shi kullum ko baka jin daɗinsa, in an tsaga maka ƙashi wataƙila a jinkirta wasu daga ciki har ya haɗe. Maganin hana jini daskarewa ma ka shanye shi har ƙarshe, yawanci sati 4 zuwa 5 ne.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Rauni yana ta tsiyayar ruwa bayan sati ɗaya, ko yayi ja da zafi, ko zazzaɓi, ka koma a ranar, domin cutar da aka kama a makonnin farko ana iya wanke ta a canza robar a bar ƙarfen, in ta daɗe kuwa sai an cire komai. Ƙafa ta gajarce farat ɗaya ta juya da ciwo mai tsanani, gocewa ce ko karaya, kar kowa ya ja maka ita, asibiti kawai. Sharaɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya ɗauke, ko ciwon ƙirji, wannan gaggawa ce. Sai kuma wanda ke zuwa a hankali bayan watanni ko shekaru, ciwo a cinya ko matsematsi daidai lokacin da ka tashi tsaye wanda ke lafawa bayan taku kaɗan, shi ne irin ciwon ƙarfen da ya fara saki.

Game da sakamako ba zan ɓoye maka ba. Yawancin mutane ciwonsu yana raguwa sosai kuma suna komawa harkokinsu, amma a dunƙule ƙarfin tafiya bai cika kai na aikin farko ba, wani zai rage da ɗan ɗingishi, wani sanda zata zama abokiyar tafiyarsa, wani ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo a gyara da takalmi, kuma sauƙin yana ci gaba da zuwa har shekara guda don haka kar ka yanke hukunci a wata na biyu. Rajistocin da ƙasashe ke ajiyewa na waɗanda aka yi wa irin wannan aikin, kamar na Suwidin da aka fara a 1979 da na Ingila da Wales na 2003 sun nuna cewa ƙugun da aka sake yafi na farko yiwuwar buƙatar wani aikin, kuma wanda aka sake wa saboda cuta ko gocewa yafi fuskantar hakan a kan wanda roba ce kawai ta cinye.

Shi yasa ko kana jin garau kar ka daina zuwa ɗaukar hoto, yawanci a sati 6, wata 3, shekara 1, sannan yadda likitanka ya tsara. Zaizayar ƙashi bata ciwo da farko, a hoto ake ganinta, wani siririn layi baƙi tsakanin ƙarfe da ƙashi wanda in ya kai milimita 2 ko yana ƙara faɗi ake zargin saki. Hoto ɗaya kuma baya faɗin komai sai an jera shi da na baya, don haka ka adana su duka da kwanan watansu tun daga na ranar aiki, ka ɗauke su a waya ma, duk likitan da zaka gani ka tafi masa da su.