Kurakuran da ke sa kifi ya kuɓuce wa baƙi a mashigin Pemba

Mashigin ruwan da ke tsakanin tsibirin Pemba da gaɓar Tanzaniya, a Tekun Indiya, wuri ne mai zurfi da masu kamun kifi don nishaɗi suke zuwa daga nesa, suna neman tuna da barakuda da malin, wato babban kifin nan mai baki kamar mashi. Yawancin waɗanda suke komawa hannu rabbana sukan ɗora laifin a kan rashin sa'a, alhali kuwa matsalar daga gare su take.

Tun a gida ake fara kuskure, wajen zaɓen lokaci. Iska iri biyu ce ke juya wannan teku: kaskazi, wadda ke busowa daga arewa maso gabas kusan daga Disamba zuwa Maris, da kusi, mai zuwa daga kudu maso gabas bayanta. Malin ya fi samuwa a lokacin kaskazi, tuna kuwa daga Agusta zuwa Oktoba, don haka wanda ya biya kuɗin jirgi a Afrilu ko Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa, ya yi asarar kuɗinsa.

Babban kuskuren dai yana wajen birkin na'urar naɗe zare. Da zarar kifi ya ɗauki ƙugiya ya zabura, zare yana fita da ƙara, sai baƙo ya firgita ya ƙara matse birki don ya tsayar da shi, nan take kuma zaren ya tsinke. Abin da ya kamata shi ne a daidaita birkin da ma'auni tun kafin a bar gaɓa, a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin da zaren zai iya ɗauka, sannan a bar kifin ya yi ta gudu har ya gaji. Idan ya lafa, a ɗaga sanda a hankali, a naɗe zare yayin sauke ta, ba tare da an bar shi ya yi sako-sako ba. Haka nan mai amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe kada ya fizgi sanda, domin irin wannan ƙugiya da kanta take kama gefen bakin kifi idan zare ya miƙe; fizga ba ta yin komai sai fitar da ita.

Barakuda yana da haƙoran da ke yanke zaren roba, shi ya sa ake ɗaura guntuwar waya kusa da ƙugiya. Gishiri kuma yana cin ƙarfe, don haka a ɗauraye kayan da ruwan daɗi kowace yamma, a hankali, kada matsin ruwa ya tura gishirin ciki.

Ba ko'ina ne aka yarda a jefa ƙugiya ba. An hana kamun kifi a duwatsun murjanin tsibirin Chumbe, kusa da Zanzibar, tun 1994, kuma matuƙin jirgi ya san iyakokin irin waɗannan wurare. Shi ne kuma za a tambaya kafin a ci babban barakuda, domin manyan kifayen da ke farauta a kan murjani sukan tara wata guba mai suna sigwatera, wadda dahuwa ko suya ba ta kashewa.