Yadda Marubuci Zai Horar da “Jikina Ya Ba Ni” Har Ya Haifi Labari

Na daɗe ina duba wa sababbin marubuta labaransu, musamman idan aka buɗe gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda tun 2016 take karɓar gajerun labaran mata. Kukan da na fi ji shi ne, “Malam, ilhama ta ƙi zuwa.” Sai ka ce wata baƙuwa ce da ake jira a tasha. Abin da ni nake kira ilhama shi ne wannan da muke cewa “jikina ya ba ni”: kana tsakiyar rubutu sai ka ji a ranka cewa matar nan ta cikin labarinka ba za ta taɓa furta wannan magana ba, amma da za a tsare ka da tambaya ba ka da hujja. Ana horar da shi, kamar yadda mai tuwo-tuwo take sanin gishiri ya ji ba tare da ta auna ba. Ba zan tsaya kan ƙa'idojin rubutu da tsara babi ba, wanda bai iya su ba ya je ya koyo tukuna.

Da farko ka cika rumbu (ko ki cika, don yawancin masu turo mini labari mata ne). Jiki ba ya ba ka abin da kunne bai taɓa ji ba. Ka nemi ɗan littafin rubutu mai falle 40, irin na 'yan firamare, ka riƙa yawo da shi. Cikin adaidaita sahu, teburin mai shayi, layin ganin likita, gidan kitso, wajen rabon kayan lefe. Duk maganar da ta tsaya maka a rai ka rubuta ta yadda aka faɗe ta, da karin harshen mai ita. In Basakkwace ne ya ce “mi kaka so”, kada ka mayar masa da ita Kananci. Kada kuma ka ce a waya za ka adana. Da ka ciro ta saƙon WhatsApp zai ɗauke maka hankali, kafin ka dawo maganar ta bi iska.

Na biyu, ka ware lokaci guda kullum. Ni bayan sallar asuba ne, kafin in taɓa waya, kuma ban yarda akwai lokacin da ya kai shi ba. Ka ɗauko jimla ɗaya daga littafin nan, ka tambayi kanka wa ya faɗe ta, wa aka faɗa wa, sannan ka yi ta rubutu minti 20 ba gogewa, ba komawa baya. Mai gyara da mai ƙirƙira ba sa zama a tabarma ɗaya.

To, ga inda ake faɗuwa, inda ni ma na faɗi.

Ba duk abin da ya faɗo maka a rai ne ilhama ba. Mafi yawan lokaci abin da ya fara zuwa amsa-kuwwa ce ta littattafan da ka karanta da finafinan da ka kalla. Tun da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano a shekarun 1980, har zuwa waɗanda ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad yau, akwai wasu hanyoyi da aka taka har suka zama burtali: hamshaƙin Alhaji da 'yar talakawa, matar uba mai azabtar da marainiya, haɗarin mota da zai sa tauraro ya manta kowa. Saboda suna zuwa a guje, ba wahala, sai sabon marubuci ya ɗauka jikinsa ne ya ba shi.

Na taɓa rubuta labarin wata uwargida a daren da aka kawo mata amarya. Ban ko tsaya ba na tura ta wurin boka. Shafi 30 na yi a kan wannan hanya, ina jin daɗin kaina, kafin labarin ya sandare mini. Na yi wata biyu ina zargin ilhama da guduwa, ashe matar ce ta ƙi tafiya inda nake jan ta. Da na koma daren, na ce to, ta shige ɗaki ta yi ta kuka. Shi ma na ji salam, kamar miya ba daddawa. Sai can wata safiya na gan ta a raina, durƙushe gaban kabad tana ƙirga kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, ga guɗa tana tashi a tsakar gida. Gabana ya faɗi. Daga baya na tuna ina yaro na ga wata gwaggona ta yi haka, ban kuma taɓa sanin na adana abin ba.

Daga nan na kafa wa kaina doka, ita nake ɗora wa duk wanda ya kawo mini labari. A duk mararrabar da labari zai juya, ka rubuta abu uku da mutumin zai iya yi. Na farko ka jefar, na kowa ne. Na biyu yawanci kishiyar na farko ne kawai, shi ma bai cika amfani ba. Ka jira na uku, ko da zai kwana biyu bai zo ba. Alamarsa ita ce yakan zo da wani ɗan ƙaramin abu da ido ke gani, kwano, ko takalmi a bakin ƙofa, ko buta da aka bari a rana, kuma yakan zo da 'yar kunya ko fargaba, ka ji kamar za ka tona asirin gidanku. In ka iya faɗin littafin da ka taɓa ganin irinsa, ba shi ba ne.

Masu sakin shafi kullum su suka fi shan wannan wahala. Masu karatu na cewa “a kashe muguwar nan”, “a haɗa su aure”, marubuciya na bi don kada a watse mata. Bayan babi goma ba ta ƙara jin muryar kanta. In dai sai kin saka, ki gama rubuta labarin kafin shafin farko ya fita, ko aƙalla ki wuce masu karatu da babi biyar.

Sauran aikin ba shi da wuya. Idan rubutu ya cije, tashi ka yi wanki ko ka taka zuwa bakin titi, kada ka zauna kana harar takarda. Mafarki ma ka rubuta shi da ka farka, amma ka ɗauki yanayinsa kawai, kada ka kwashe shi ɗungurungum ka zuba a labari. Idan ka gama, ka ajiye shi mako guda, sannan ka karanta wa wani da babbar murya, wanda ba marubuci ba ya fi. Duk inda harshenka ya sarƙe, ko ka ga mai sauraro ya ɗauki waya, ka ja layi a wurin ka koma wa dokar abu uku.