Yadda Ake Aiki da Otokilef Ba Tare da an Ƙone Ba

Da zarar 'yan ajin ƙarshe sun fara furojet, ɗakin gwaje-gwajenmu a nan Katsina ba masaka tsinke, kowa da kwalaben aga (abu mai daskarewa da ake renon ƙwayoyin cuta a kansa) a hannu yana jiran layin otokilef. Tukunyar ƙarfe ce mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi, wadda Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera a 1879. Ruwan tukunyar gida ba ya wuce digiri 100. A nan kuwa danne tururin ake yi da matsin psi 15 (psi ma'aunin matsi ne) har ya kai digiri 121, zafin da ke kashe ƙwayoyi masu taurin rai, ya kuma saɓule fatar mutum nan take.

Fara da jikinka: farar riga, tabarau, rufaffen takalmi, ban da silifa. Safar hannu mai kauri za ka sa, ta roba ba ta tare zafi. Mai hijabi ta cusa shi cikin riga.

Sai ka leƙa tukunyar. Ruwa ya rufe ƙarfen da ke dumama shi, kuma tatacce, don na burtsatse kan bar farin ɓawo. Shafa zoben robar bakin murfi. In ya tsage, a fasa aikin.

Wajen lodi, kada kwalba ta wuce kashi biyu cikin uku, a sassauta murfinta, a jera su cikin tire. Kwalbar da aka ɗaure tam fashewa take yi. Gilashin Pyrex yana jurewa, ledar kasuwa narkewa take ta manne. Bilic, sifirit da duk abin da ke kama wuta ba sa shiga. Kada a cunkusa kaya. Wadda ta taɓa yin dambu ta san in aka danƙare madambaci, tsakiya ɗanye yake fitowa.

Ga inda aka fi yin kuskure a ƙananan tukwane masu murfi a sama. Bayan ka ɗaure kusoshin murfin biyu-biyu masu fuskantar juna, bar bawul a buɗe har tururi ya riƙa fita miƙe na 'yan mintuna, sannan ka rufe. Iskar da ta maƙale a ciki tana ɗaga allurar agogon da ke nuna matsi, amma zafin bai kai ba. Sai ka ga 15 ɗinka cif, bayan kwana biyu farantan da ka zuba wa aga sun yi tsiron ƙwayoyin da ba su mutu ba.

Lissafin lokaci daga sanda aka kai 121 yake farawa: minti 15 zuwa 20 ga ƙananan kaya, manyan kwalabe da jakar shara fiye da haka. In an ɗauke wuta a tsakiya allura ta sauka, a sake ƙirga daga farko. Babu ciko.

Buɗewa ita ce mai haɗarin, kuma lokacin ne kowa ke sauri. Kashe wuta, ka bar allurar ta koma sifiri da kanta. Kada ka ja bawul don ta yi maza, ruwan cikin kwalaben zai tafasa ya yi ambaliya. Tsaya a gefe, ɗaga murfin kaɗan yadda tururi zai fita nesa da fuskarka, ka ba shi minti 10. Ko bayan nan ruwan na iya zama shiru alhali yana kan gaɓar tafasa. Na ga wani ɗalibi da ya ji an kira sallar La'asar, ya ciro kwalbar aga ya girgiza ta don ya gani ko ta narke. Kumfa ta yi tsalle ta wanke masa wuyan hannu, ga aga da mannewa. Muka tara hannun a famfo minti 20, sannan sai asibiti. Ba a sa manja, ba a sa man goge baki.

Daga ƙarshe duba tef ɗin otokilef, wanda ake liƙa wa kaya kafin a loda su. Baƙaƙen layukan suna nuna zafi ya taɓa shi ne kawai. Tabbacin mutuwar ƙwayoyi sai da 'yar kwalbar gwaji mai ɗauke da ƙwayar Geobacillus stearothermophilus mai jure zafi sosai, wadda ya kamata a riƙa sawa a tsakiyar lodi lokaci-lokaci. Rubuta sunanka, kwanan wata, zafi da mintuna a littafin da ke gefen tukunyar, ka ajiye kayan bisa katako, don gilashi mai zafi yana tsagewa a kan siminti mai sanyi.