Likitoci Sababbin Zuwa Amurka: Sharuɗɗan Ƙwarewa a Jinyar Oksijin Mai Matsi

'Yan uwa likitoci, barkanku da sauka. Wanda ya yi kwanan asibiti a Kano ko Zariya ba a koya masa juriya, karatun nan ma ba zai gagare ku ba. Takardu ne ke kayar da mutanenmu.

Fannin shi ne na sa majiyyaci cikin ɗakin oksijin mai matsi, saboda gubar hayaƙi, ciwon masu nutso a teku, ko gyambon ciwon suga da ya ƙi warkewa. Sai ka ga mutum ya yi kwas na awa 40 ya fara kiran kansa ƙwararre. Wannan share fage ne kawai. Shaidar ƙwarewa tana fitowa daga ABPM, hukumar ƙwarewar likitancin rigakafi ta Amurka, ko daga takwararta ABEM ga likitocin agajin gaggawa, bayan feloshif (ƙarin horo a ƙaramin fanni) na wata 12 wanda ACGME, hukumar tantance shirye-shiryen horar da likitoci, ta amince da shi, irin na Jami'ar Duke, sannan jarrabawa.

Kafin nan dole ku riƙe shaidar babban fanninku daga wata hukuma da ke ƙarƙashin ABMS, uwar hukumomin ƙwarewar likitoci ta Amurka. Nan zuciya ke ɓaci, domin takardar ƙwarewa ta kwalejin likitocin Afirka ta Yamma ko ta Najeriya da kuka sha wuya a kanta ba ta cikin lissafi. Sai an bi ta ECFMG, hukumar tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, da USMLE, jarrabawar lasisin likita ta Amurka, a sake rezidensi (horon babban fanni a asibiti) daga tushe. Ku bi sawun makarantarku tun yanzu, don ECFMG daga wurinta take tabbatar da digiri, kuma fayil kan yi watanni yana jiran sa hannun mutum ɗaya.

Lasisi ma akwai tarko. Na horo, wanda kuke aiki da shi a rezidensi, bai wadatar ba. Cikakke ake so, marar ƙaidi. Kowace jiha da adadin shekarun horon da take nema daga wanda ya yi karatu a waje, kuma babu cikakken lasisi sai an ci mataki na 3 na USMLE. Kada ku jinkirta shi.

Mai bizar J-1 (bizar zuwa horo) kuma ya yi lissafi da kyau: iyakarta shekara 7, rezidensi da feloshif duk a ciki. Kowane sabon fanni yana bukatar sabuwar wasiƙa daga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayyar Najeriya, wadda ta ambaci wannan fanni da sunansa. Ku neme ta da zarar an ba ku gurbi, don ba a kammala takardun bizar sai da ita.