Yadda za ka riƙa lissafa tsuntsayen shekara idan kana tafiye-tafiye

Lissafin yana farawa ran 1 ga Janairu, ya rufe ran 31 ga Disamba. Kowane irin tsuntsu sau ɗaya yake shiga, ko sau dubu ka gan shi.

1. Kafin ka kama hanya, sauke Merlin, manhajar da ke taimakawa wajen gane tsuntsaye, da kundin tsuntsayen yankin da za ka, tun kana da intanet.

2. Madubin hangen nesa da ɗan littafi su zauna a jakar hannu, kada su shiga akwati.

3. Yi sammako, domin da sassafe suka fi kuka da kiwo. Nemi bakin ruwa ko gefen daji, ka ba rana baya.

4. In ka hango tsuntsu, kada ka yi garajen duba waya. Ƙare masa kallo tukuna: girmansa, siffar bakinsa, tsawon ƙafa da wutsiya, yadda yake tashi. Launi yana yaudara, musamman a jikin matan tsuntsaye da ƙananansu.

5. Nan take rubuta suna, wuri da kwanan wata. Wanda kake shakka, bar shi a gefe. Na keji kuwa ba ya shiga lissafi.

6. Da dare, zuba su a eBird, manhajar adana bayanan tsuntsayen da aka gani, ita za ta tara maka jimillar shekara.