Yadda za ki gyara tsohon gadon katako na gado

'Yan uwa mata don Allah ku daina jefar da gadon kakanninku, katakonsa ya fi na yanzu ƙarko nesa ba kusa ba.

Da farko ki sa a kwance shi a fitar tsakar gida amma ƙarƙashin inuwa, kin dai san ranar Sakkwato, a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, katako tsagewa zai yi. Ki kakkaɓe ƙura ki goge da tsumma mai ɗan laima, kar ki sheƙa mai ruwa.

Sai ki duba ƙafafun da kyau don nan gara ke fara ci, ki ƙwanƙwasa, in kin ji kamar fanko ko gari na zuba to ta shiga, ki ɗura maganin gara cikin ramukan ki bar shi kwana 2, wurin da ya ruɓe sosai kuma kafinta ne zai yanke ya yi mai ƙari.

Daga nan sai ki goge da samfefa, wato takardar goge katako, mai kaushi tukuna sannan mai laushi, ki bi tsawon katakon kar ki gicciye shi. Wajen zanen da aka sassaƙa a hankali wallahi, shi ne darajar gadon.

Inda ya saki a sa gam a ɗaure ya kwana. Ni ban son fenti, rufe kyan itacen yake, banish, man da ke sa katako ƙyalli, za ki shafa siriri sau 2, na farko ya bushe sarai kafin na biyu, kuma ban da ranar da hazo ya taso, ƙura manne mai za ta yi.